Yadda Ake Tsare Yaran Aiki a Gidan Injin Casa, da Yadda Ake Mayar da Wanda Ya Ji Ciwo Bakin Aikinsa

Daga Kura zuwa Bunkure da Garun Malam, ko can Auyo da Hadeja, idan shinkafa ta shigo inji ba ya hutawa. Ruwan madatsar Tiga ya sa ana noma rani da damina, casa kuma ta zama sana'ar shekara. Mutane da yawa sun sayi inji sun ɗauki yara, amma ba a koya musu komai ba sai yadda ake tayar da shi da yadda ake karɓar kuɗi. Na daɗe a wannan harka, kuma mafi yawan abin da muke kira tsautsayi wuri uku na ga yana fitowa: bel, bakin inji, da buhu. Wannan bayani naka ne kai sabon mai gidan inji, ko na casa ne ko na niƙa. Rabinsa kan hana ciwo ne, rabinsa kan abin da aka fi sakaci da shi, wato yaron da ya ji ciwo aka sallame shi daga asibiti ya koma gida ya zauna.

Kayan da za ka tanada

Na farko raga. Ka kai mai walda ya auna bel da fuli (tayar ƙarfen da bel ke juyawa a kanta), ya yi musu keji na ragar waya mai ƙananan idanu, wadda yatsa ba zai shige ba, ya sa mata ƙofa mai sakata domin ranar gyara. In kuɗi bai kai ba, katako da tsohon kwanon rufi ma suna tarewa kafin ka samu.

Sai akwatin taimakon gaggawa, a rataye inda kowa ke gani, ba a kulle a ɗakinka ba. A ciki: bandeji mai yawa, gozi, filasta, almakashi, sabulu, aidin, safar hannu ta roba, ledoji sababbi guda biyu ko uku, gishiri da sukari ko ƙullin ORS, da ƙyalle mai faɗi na rataye hannu. In babu bandeji, farin yadi da aka wanke aka goge aka yayyanka ya isa. Jarkar ruwa mai tsabta ta zauna kusa da akwatin, kada a riƙa wanke kwano da ita.

Sauran: takunkumin fuska, abin toshe kunne, takalmi mai rufe yatsu, baro ko kura ta tura buhu, bokiti biyu na yashi, tukunyar kashe gobara mai hoda, mayen ƙarfe (na tsohuwar sifika ya wadatar), sanda mai kauri ta tura hatsi, da littafi da biro. Littafin nan kada ka raina shi, za ka ji amfaninsa a gaba.

1. Zaga gidan injin kafin a tayar

Da safe, inji na kashe, ka bi hanyar da buhu ke bi tun daga bakin ƙofa har inda ake fitar da shinkafa. Duk inda ƙafarka ta yi tuntuɓe ko ta zame, gyara. Baƙin mai da ya zube a zuba masa yashi a kwashe. Wayar wuta da aka haɗa da leda a canza ta. Bututun salansa ya fita waje ta bango, domin hayaƙin dizal da na janareta a rufaffen ɗaki yana kawo ciwon kai da jiri, na janareta kuwa yana kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Ɓuntu kada ya taru kusa da salansa ko wurin masu turara shinkafa, wutarsa tana ci ta ciki shiru sai dare ta tashi. Mai kuma ba a zuba shi inji na aiki.

2. Bel

Nan zan daɗe, domin nan hannaye suke tafiya. Bel ba ya gargaɗi. Abin da ya kama sai ya kai shi bakin fuli, kuma kafin mutum ya buɗe baki an gama.

Dokata a kansa guda huɗu ce, kuma ba na sassautawa ko ga ɗan cikina. Ba a ɗora bel ko sauke shi inji na juyawa, ko da sanda ne. Ba a shafa masa ƙaro ko kwalta yana gudu don wai ya daina zamewa. In yana zamewa a kashe a ɗaure shi. Ba a tsallake shi. Ba a kusantarsa da tufa mai yawo: babbar riga, rawani, hirami a wuya, carbi a hannu, hannun riga mai faɗi. Yaron inji gajeriyar riga yake sawa. Safar hannu ma, wadda ke da amfani wajen dako, haɗari ce kusa da abin da ke juyawa, domin ita ake fara kamawa sannan ta ja hannun.

Mata da 'yan mata da ke kawo niƙa da markaɗe su ne suka fi ba ni tsoro, saboda hijabi da mayafi. Iska kaɗan ta kaɗa gefensa, shi ke nan. Ka ja layi a ƙasa da fenti ko ka gitta benci, ka ce nan ne iyakar mai kawo kaya. Za su yi ƙorafi cewa suna son ganin ba a rage musu ba. Ka juya mazubin yadda za su gani daga nesa, amma kada ka bari su ƙetare. Ƙananan yara masu zuwa kwasar dusa kuwa waje za su jira. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta.

Ga kuskuren da na fi gani a wurin masu injin lantarki: KEDCO ta ɗauke wuta, inji ya tsaya da shinkafa a cikinsa, yaro ya zura hannu yana ƙwaƙulo abin da ya toshe, babu wanda ya tuna an bar makunni a kunne. Wuta ta dawo. Don haka da an ɗauke wuta, abu na farko a kashe makunni. Mai gyara kuma ya zare fis ya sa a aljihunsa, kada ya ajiye a kan taga inda wani zai gani ya mayar. In na dizal ne, handul ɗin tayarwa ya zauna a wurin mai gyaran har ya gama. Shi kansa handul ɗin, a koya wa yaro ya riƙe shi babban yatsa na gefe ɗaya da sauran yatsu, domin in inji ya yi tutsu ya dawo baya, ya kuɓuce masa maimakon ya karya masa yatsa.

3. Bakin inji

Hannu ba ya shiga mazubi, sanda ke shiga. Ka ɗaure mayen ƙarfe a inda shanshera ke gangarawa, da yamma ka duba abin da ya kama: ƙusa, guntun waya, wani lokaci har allurar ɗinkin buhu. Kowanne da ya wuce zai iya fasa raga ko ya yi tsalle ya sami ido.

4. Buhu, ƙura, ƙara da zafi

Waɗannan ba sa zubar da jini, shi ya sa ake raina su, amma su ke cinye ɗan dako a hankali. Buhu mai kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne, ko da yana taƙama. Mutum biyu su ɗaga, a durƙusa da gwiwa, buhu na manne da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a ka. Inda baro zai shiga, baro ya yi aikin. Jeren buhu a sarƙa shi, kada ya wuce inda hannu ke kaiwa, kuma ba a zare na ƙasa.

Takunkumi yara ba sa son sa, sai ka fara sawa da kanka. In babu na kanti, ƙyalle ninki biyu ya fi babu, amma bai kai shi ba. Wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a duba shi, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ƙara kuma ga ma'auninta: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to ta kai ta lalata kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A riƙa musanya mai tsayawa bakin inji, kada mutum ɗaya ya wuni a wurin.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Randa ta zauna cike. In babu ORS, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da azumi mu kan fara bayan asuba mu tsaya kafin azahar, sauran a ƙarasa bayan tarawi. Wanda ya fara magana ba kan gado ko ya yanke jiki ya faɗi cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a nemi mota.

Maganar ƙwaya ma sai an yi ta. Akwai masu shan taramol don su yi dako ba gajiya. Yaron da ya sha ba ya jin lokacin da jikinsa ya ce ya isa, kuma hankalinsa ba ya kan bel. Ranar da na ga alama ba ya taɓa inji. Ba a gaban mutane nake yi masa faɗa ba, gefe nake jan sa. Sau da yawa za ka tarar biyan da ake yi kan kowane buhu ne ya tura shi, kuma wannan gyaransa a hannunka yake.

5. Idan abin ya faru

A kashe inji tukuna. Kowa a gidan, har mai shara, ya san inda ake kashewa.

Jini: danna wurin da gozi ko ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, ɗaga hannun sama, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe ƙara wani a kai. In hannu ko ƙafa ce ta yanke jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, rubuta lokacin, kada ka kwance sai a asibiti. Kada a zuba toka, ƙasa, baƙin mai, man birki ko garin magani. Duk likita sai ya wanke su kafin ya yi ɗinki, kuma ƙasa ce ke kawo tetanus. Ko ciwon ƙarami ne, a tambayi allurar tetanus.

Yatsa in ya guntule, a ɗauko shi, a naɗe da gozi mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kullum ake iya mayarwa ba, amma likita ne zai yanke wannan hukunci, kuma kowace awa tana da muhimmanci.

Ƙuna, ko ta salansa ko ta ruwan turara: ruwa mai sanyi na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da abu mai tsabta. Ba man goge baki, ba ƙwai. Ido: a wanke da ruwa mai yawa, kada a murza. Wanda wutar lantarki ta kama, a kashe ta daga tushe ko a ture wayar da busasshen itace kafin a taɓa shi. Wanda buhu ya danne ko ya faɗo daga kan mota yana kukan wuya ko baya, ba a ɗora shi kan babur; a kwantar da shi kan ƙyaure ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa. Wanda ake zaton za a yi wa tiyata kada a ba shi abinci ko fura a hanya.

Karaya ce ke kawo gardama da dangi. Za a ce a kira mai ɗori. Ba na zagin masu ɗori, sana'ar gado ce, amma ba su da hoton da zai nuna yadda ƙashi ya karye, kuma ɗauri mai tsanani yana hana jini gudu har gaɓa ta mutu a yanke ta. Na ga hannun da karayarsa ba ta kai ta kawo ba, ɗauri ya cinye shi. Abin da nake cewa uban yaro shi ne: "Baba, a fara ɗaukar hoto, kuɗin a wuyana." Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta gaɓa, ko wadda yatsu suka yi sanyi suka canza launi, ba ta da wata hanya sai asibiti. Asibitin ƙashi na Dala a Kano domin wannan aka gina shi tun 1959. Na Jigawa suna da babban asibitin Hadeja, da na tarayya a Birnin Kudu, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Tun yau ka san wanda ya fi kusa da kai, ka rubuta lambar direbobi biyu na garinku a bango da gawayi ko fenti.

6. Rubuta, kuma ka san haƙƙinsa

A ranar, ka rubuta a littafi: wa ya ji ciwo, ƙarfe nawa, me yake yi, wa ya gani. Ka ajiye kowane rasit. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi masu ɗaukar aiki na gwamnati da masu zaman kansu. Mai aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, ita kuma ta ɗauki nauyin magani da diyya in an ji ciwo a bakin aiki. Ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukumar cikin kwana 7. In injinka ya girma kana biyan albashin wata, je ofishinsu ka yi rajista. Mu ƙananan da ke biyan kullum, abin da ya fi yi mana aiki shi ne asusu: a ware wani abu daga kowane buhu da aka casa, a ajiye a wurin da hannu ba ya saurin kaiwa. Masu inji na gari ɗaya suna iya haɗa nasu kamar adashe.

7. Kwanakin jinya

Ka je dubiya da ƙafarka, ba aike ba, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da ke hana majinyaci barci ba ciwon ba ne kawai, tunanin cefane ne da tsoron an ba wani gurbinsa. Ka faɗa masa a gaban iyalinsa cewa aikinsa na nan, ka yanka abin da za ka riƙa ba shi duk mako, ko da bai kai na da ba, kuma kada ya saɓa. Wanda ka ɗauka ya riƙe wurin ya san na wucin gadi ne tun ranar farko.

Kada ka tsaya binciken laifin wa a bakin gadon asibiti. Ko da gangancinsa ne, injinka ne.

8. Tambayi likita abin da zai iya

Ranar komawa asibiti ka raka shi, in ya yarda. "Yaushe zai warke?" ba ta da amsa mai amfani. Ka bayyana wa likita aikin: buhu kilo kaza, tsayuwa awa kaza, ƙura, jijjigar inji. Sannan ka tambaya: me zai iya yanzu, me zai jira, har zuwa yaushe? In an tura shi wurin masu gashin ƙashi, kuɗin motar ma na cikin magani. Da yawa suna daina zuwa da zarar an cire filasta, sai hannu ya sandare, ƙashi ya haɗe amma yatsu ba sa damƙa.

9. Dawowa kaɗan-kaɗan

Kuskure biyu ake yi. Wasu su ce ya zauna sai ya warke sarai, wata uku ya zama shida, jiki ya mutu, zuciya ta mutu, ƙarshe ka ji ya tafi ci-rani. Wasu kuma ranar da ya dawo su ɗora masa buhu, ciwo ya tashi sabo.

Kafin ya dawo, gyara abin da ya ji masa ciwo, ya gani da idonsa. Sannan ka zaɓa masa aiki na gaske wanda jikinsa zai ɗauka: awo a sikeli, rubuta sunayen masu kaya da layinsu, karɓar kuɗi, lura da shanya, sayar da dusa, duba mayen ƙarfe in an kashe inji. Mai ciwon baya kada ka zaunar da shi wuni guda, zama ma yana tayar da shi. Ya riƙa tashi yana takawa. Mai ciwon ƙafa a ba shi benci da abin ɗora ƙafar. Mai ɗinki ko buɗaɗɗen ciwo ya nisanci ƙura har ya rufe. Aikin ya zama wanda in bai yi ba za a ji, domin namiji ya fi jin zafin a ajiye shi kamar abin tausayi fiye da zafin ciwon.

Makon farko rabin wuni, da safe kafin rana ta yi zafi. In lafiya, a ƙara awa, sannan a ƙara nauyi, ba duka biyu lokaci guda ba. Dako shi ne na ƙarshe, kuma a fara da rabin buhu, su biyu. Kullum kafin ya tafi ka tambaye shi, washegari ma ka sake tambaya, domin ciwo da dare yake ba da amsa. Ba zai faɗa maka gaskiya ba, zai ce "da sauƙi, maigida." Dubi tafiyarsa, dubi hannun da yake karɓar kuɗi da shi. Kumburi, zazzaɓi, ruwa daga ciwo, ko yatsu su riƙa mutuwa, a koma asibiti. In zafi ne kawai ya ƙaru, a koma matakin baya na kwana biyu ko uku. Wanda ke shan maganin da ke sa barci ba ya zuwa kusa da inji.

Akwai kuma tsoro. Yaron da bel ya taɓa kamawa zai iya jin gabansa na faɗuwa da an tayar da inji, wani har mafarkinsa yake yi. Kada ka ce masa rago. Ya fara tsayawa daga ƙofa, gobe ya matso, jibi ya tsaya kusa da wanda ya yarda da shi. Sauran yara kuma ka ja musu kunne tun kafin ya iso: ba na son jin an laƙaba masa Dungu ko wani suna, kuma wanda ke ƙorafin an ba shi aiki mai sauƙi ya zo wurina. In bayan makonni har yanzu ba ya barci, ko ya daina shiga mutane, wannan ma ciwo ne da ake kai wa likita.

10. In ba zai koma aikinsa na da ba

Wanda ya rasa yatsu ko hannu, dako da bakin inji sun wuce shi, amma gidan inji na buƙatar mai lissafi, mai sayo shanshera a kasuwa, mai kai kaya Dawanau. In ya iya karatu ko da na ajami ne, littafin shiga da fita ya koma hannunsa. In ya fi son ya tsaya da ƙafarsa, jari na sayar da dusa ko buhunan banza a ƙofar injinka ya fi kuɗin sallama da za a cinye cikin wata guda. Duk abin da kuka daidaita, a zauna gaban mai unguwa ko liman da wani babba daga danginsa, a rubuta adadi da lokacin biya, kowa ya sa hannu, a yi kwafi biyu, ɗaya a wurinsa ɗaya a cikin littafinka.